Daga Jidda zuwa Abha: yadda abokai biyar za su tsara hutun kwana biyu a tsaunukan Asir

Mu ɗauki lamari irin wanda ake yawan samu a tsakanin Hausawa mazauna Saudiyya. Abokai biyar ne a Jidda, uku ma'aikata, biyu ɗalibai, kowa da iƙamarsa, wato katin izinin zama, a hannu. Farkon watan Agusta ne, zafi da gumin bakin teku sun ishe su, sai suka yanke shawarar su je Abha, babban birnin lardin Asir a kudu maso yammacin ƙasar, su sha iska su dawo kafin aikin ranar Lahadi. Motarsu ƙarama ce mai injin lita 1.6, mutum ɗaya ne ya saba doguwar tuƙi, kuma ɗaya daga cikinsu yana da nau'in jini na AS, wato yana ɗauke da ƙwayar gadon amosanin jini (sikila).

Tsarinsu na farko ga shi: a tashi ranar Alhamis bayan sallar Isha, a kwana ana tuƙi, a isa da asuba. Ranar Juma'a a zaga Dutsen Suda da ƙauyen Rijal Alma'a da Habala. Ranar Asabar a shiga kasuwa, a kamo hanya da yamma. A takarda babu laifi, domin kowane wuri bai wuce tafiyar kilomita sittin daga Abha ba. Matsalar ita ce an auna tafiyar da tsawon hanya kawai, alhali a Asir hawa da gangara da sa'ar da hadari ke haɗowa su ne ke yanke hukunci.

Abin da tsayin wurin ke jawowa

Abha tana kan tudu mai tsayin sama da mita 2,200 daga doron teku, Suda kuwa ta kusa mita 3,000. Jidda tana daidai da teku. Iska na rage zafi da kimanin digiri shida da rabi a kowace mita 1,000 da aka hau, shi ya sa ranar da Jidda ke dab da digiri 40, Abha na wasa a wajen 30, da dare kuma ta sauka ƙasa da 20. Wannan sanyin shi ake zuwa nema, amma yana tafe da wasu abubuwa uku.

Na farko, injin mota. Injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi uku cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300, saboda iskar da yake shaƙa ta yi sirara. A Abha ya rasa kusan kashi ɗaya cikin biyar. Ƙaramar mota ɗauke da ƙarti biyar da jakunkuna, ga na'urar sanyaya mota a kunne, za ta riƙa nishi a hawa, kuma idan lagireto ba shi da lafiya allurar zafi za ta tashi. Na biyu, jikin mutum: wanda ya taso daga bakin teku ya hau kai tsaye yakan ji ciwon kai, kasala, haki da rashin barci a daren farko, musamman idan ya zarce Suda. Na uku, yanayi. A watannin Yuli da Agusta safiya takan waye garau, da rana gajimare ya taso daga ɓangaren Tihama, filin ƙasa da ke tsakanin tsaunukan da teku, ya haɗu a bakin tsaunin, daga bayan Azahar zuwa La'asar a samu tsawa da ruwa, wani lokaci har da ƙanƙara da hazon da ba ka ganin motar da ke gabanka. Duk wani abin kallo na waje da duk wata gangara mai haɗari, kafin Azahar ya kamata a gama su.

Da wannan kaɗai tsarin farko ya rushe. Direba ɗaya da ya wuni a wurin aiki zai tuƙa sama da kilomita 600 cikin dare, a hanyar Tihama inda raƙuma ke tsallaka titi, sannan ya tarar da hawa mafi wuya a daidai lokacin da barci ya fi cin ƙarfin mutum. Idan ma an isa lafiya, masauki ba ya ba da ɗaki sai bayan Azahar, kuma safiyar Juma'a, wadda ita ce mafi kyawun sa'o'in tafiyar, za ta tafi a gyangyaɗi cikin mota.

Hanya: ta gaɓar teku, ta kan tsauni, ko ta sama

Hanyar gaɓar teku ita ce mafi sauri: Jidda zuwa Lis, zuwa yankin Kunfuza, sai a juya gabas a nufi Muhayil, daga nan a hau Aƙabar Shi'ar (aƙaba ita ce hanyar hawa tsauni), wadda aka gina da gadoji da hanyoyin cikin dutse masu yawa, a fito kan tudu arewa da Abha. Awa bakwai zuwa takwas ce idan aka haɗa da tsayawa. Hanyar kan tsauni ta bi ta Ɗa'if, Baha, Baljurashi, Namas da Tanuma. Ta fi kyau nesa ba kusa ba, sai dai tana ratsa garuruwa, ga kwana-kwana, ga hazo, wuni guda take ci. Ga masu kwana biyu kacal, ba tasu ba ce.

Jirgi daga Jidda zuwa Abha bai kai awa ɗaya da rabi ba, kuma Saudia da flynas da flyadeal duk suna zuwa. Filin jirgin yana tsakanin Abha da Hamis Mushait. Amma a lokacin hutun makarantu tikiti yana tsada idan ba a saya da wuri ba, kuma dole a yi hayar mota a can, domin motocin manhaja irin su Uber da Careem za su kai ka Suda ko Rijal Alma'a, samun wadda za ta dawo da kai shi ne aiki. Ga mutum biyu, jirgi ya fi. Ga mutum biyar, mota ta fi araha da tazara mai yawa. Lissafin mai sauƙi ne: zuwa da dawowa da yawon cikin yanki za su kai kilomita 1,600. Motar da ke shan lita goma a kilomita 100 za ta sha lita 160. Tun watan Yulin 2021 aka ƙayyade litar fetur mai lamba 91 a kan riyal 2.18, wato kusan riyal 350 ke nan, riyal 70 a kan kowane mutum.

Gyaran da aka yi wa tsarin shi ne kowa ya nemi izinin ranar Alhamis, a tashi bayan sallar Asuba, kuma a samu direba na biyu a riƙa canji duk bayan awa biyu. Da haka za a isa Muhayil wajen tsakar rana, a ƙara mai, a bar injin ya huce, a hau aƙaba da ido buɗe, a shiga Abha daidai lokacin karɓar makulli. A duba sanarwar hukumar hasashen yanayi ta ƙasar kafin a bar Muhayil. Idan an ba da gargaɗin ruwa mai ƙarfi, zama a ci abinci na awa ɗaya ya fi hawa cikin tsawa, domin duwatsu kan gangaro kan titi, kuma akan rufe aƙaba idan abin ya yi tsanani.

Idan an zaɓi hayar mota mafi girma daga Jidda, wanda shi ne ya fi dacewa da mutum biyar, akwai tarko biyu. Yawancin kamfanoni suna ƙayyade kilomitar da za a yi a rana, duk abin da ya haura a biya a kan kowace kilomita, don haka a nemi yarjejeniya marar iyaka ko a lissafa rarar tun farko. Sannan a sa sunan direba na biyu a cikin takardar izini. Idan aka yi haɗari wanda ba sunansa a takarda yana kan sitiyari, inshora na iya zamewa.

Shingayen bincike

Hanyoyin kudu suna da shingayen jami'an tsaro, saboda masu tsallako iyaka ta ɓangaren Yaman ba bisa ƙa'ida ba. Kowa ya riƙe iƙama mai rai, ta kati ko ta cikin manhajar gwamnati ta Absher, kuma ya adana hotonta a waya don wuraren da intanet ke yankewa. Kada a rage wa kowa hanya, ko da ya yi sallama da Hausa. Ma'aikatar cikin gida ta Saudiyya tana yawan maimaita cewa ɗaukar wanda ya shigo ta ɓarauniyar hanya na iya jawo ɗaurin da ya kai shekara 15, da tarar da ta kai riyal miliyan ɗaya, da ƙwace mota. Idan akwai baƙon da ya zo daga gida yana son bin tawagar, a duba irin bizarsa: tun 2022 mai bizar Umra yana iya zagaya biranen ƙasar, mai bizar Hajji kuwa ba shi da wannan damar.

Maganar mai AS

Wannan ita ce wadda abokai suka fi yi wa riƙon sakainar kashi, kuma ita ce ta fi shafar mutanenmu, ganin yadda amosanin jini ya yawaita a Arewacin Najeriya da Nijar. Ƙarancin iskar shaƙa a kan tudu, da sanyi, da bushewar jiki, su ne ainihin abubuwan da ke sa ƙwayoyin jini su lanƙwashe. Mai SS ko SC, wato mai ciwon kansa, kada ya sa ƙafa a wannan tafiya sai likitansa ya amince. Mai AS yawanci lafiya lau yake zuwa ya dawo, amma an san cewa a wurare masu tsayi, musamman idan an haɗa da aikin ƙarfi, jini na iya toshewa a saifarsa. Alamar ita ce ciwo mai tsanani a saman ciki ta hagu, ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci ya harba zuwa kafaɗa, da amai ko zazzaɓi. Idan haka ta faru, ba a shan maganin ciwon ciki a kwanta. A nufi asibiti, a kuma faɗa wa likita rukunin jinin tun daga bakin ƙofa. Babban Asibitin Asir yana cikin Abha, lambar motar asibiti 997 ce.

Saboda mai AS ɗin aka sa dokoki uku a tsarin: a kwana a Abha ba a Suda ba, ranar farko babu hawan dutse da ƙafa, kuma kowa ya sha ruwa kamar yana Jidda duk da ba ya jin ƙishi. Sanyin wurin yana ɓoye ƙishirwa, iskar kuma busasshiya ce.

Masauki

Ga mutum biyar, shuƙƙa, wato gidan haya, mai ɗaki biyu da falo da kicin ta fi ɗakunan otal. Ana samu ta manhajar Booking ko Gathern ko a ofisoshin gidajen kai tsaye. Abin da ke ba samari kunya a bakin ƙofa shi ne wasu gidajen na iyalai ne kawai, ba sa karɓar maza zalla. A tambaya a rubuce kafin a biya kafin alƙalami: mu maza biyar ne, kuna karɓa? A tambaya kuma ko farashin ya haɗa da harajin kashi 15 cikin ɗari, da ko akwai kuɗin ajiya na ɓarna, da ko na'urar dumama ruwa tana aiki, domin ruwan famfon Abha da asuba ba na wasa ba ne. Daren Alhamis da na Juma'a a lokacin bazara su ne mafi tsada a shekara, mutanen Riyad da Jidda da Jazan duk nan suke kwarara, saboda haka a kama wuri makonni kafin ranar. A zaɓi unguwar da ke kusa da hanyar fita zuwa Suda, ta yammacin gari, don cunkoson tsakiyar Abha bayan Magariba yana iya cinye awa guda.

Yadda kwanakin suka kasu

Yammacin Alhamis na hutawa ne da yawo marar wahala. Idan ruwa ya ɗauke, a je Jabal Ahdar, dutsen da ke tsakiyar gari wanda ake haska shi da koren fitilu da dare, ko a taka a hankali a Titin Fasaha da ƙauyen Muftaha, cibiyar masu zane da aka kafa zamanin da Yarima Khalid Al-Faisal yake gwamnan Asir. Wanda ya ga hotunan titin lulluɓe da furanni masu launin shunayya ya sani na ƙarshen Afrilu da watan Mayu ne, a Agusta ganye kawai zai tarar.

Safiyar Juma'a ta Suda ce, domin shaguna da gidajen tarihi a rufe suke har bayan sallah, dutse kuwa ba shi da ƙofa. Tafiyar kusan kilomita 25 ce. A fita da hantsi bai yi ba, a tsaya a bakin tsaunin inda ake hango kwarin Tihama, cikin dajin bishiyoyin ar'ar. A tafi da rigar sanyi da hula, rana a can tana ƙona fata ko da iska na kaɗawa. Abu biyu za a kiyaye. Tun 2021 aka kafa kamfanin raya Suda, a 2023 kuma aka sanar da babban aikin gine-gine a yankin, don haka wasu wuraren shaƙatawa da keken igiya mai ratsa sama na iya kasancewa a rufe. A tambayi mai masauki daren Alhamis. Sai birai. Garken gwaggon biri sun saba da mutane, suna fizge leda daga hannu, suna leƙa tagar mota. A rufe gilashi, kada a ci abinci a gabansu, kada a jefa musu komai, hukuma ma tana cin tarar mai ciyar da su. Cizo ko yaƙushi na buƙatar asibiti a ranar.

A dawo gari a yi Juma'a. Bayan La'asar a shiga Kasuwar Talata, wadda duk da sunanta ana samunta a buɗe sauran ranaku. Nan ake sayen zuma, da turare, da kwandunan saƙa, da ganyen ƙamshi irin wanda mazan Tihama ke naɗawa a ka. Zumar magarya ita ce mai tsada, kuma ita aka fi yi wa algus. A ɗanɗana, a zaga shago uku kafin a ciro kuɗi. Daga nan unguwar Basta ba nisa, inda tsofaffin gidajen ƙasa da gadar zamanin Turkawa suke. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa a Kano ko Zinder zai tsaya ya kalli bangon: an jera faffaɗan duwatsu sahu-sahu suna leƙowa daga jikinsa, aikin indararo suke yi, suna watsar da ruwan sama kada ya zaizaye ginin. Kada a ɗauki hoton mutane, musamman mata, sai da izini. A Saudiyya wannan ba maganar ladabi kaɗai ba ce, doka na iya shiga.

Habala ita aka cire. Tana kudu maso gabas, Suda da Rijal Alma'a suna yamma, kuma abin kallonta ya dogara da keken igiya wanda ba kullum yake aiki ba. Zuwa da dawowa za su ci rabin wuni.

Gangarar Asabar

Nan ne gyaran ya fi amfani. Rijal Alma'a tana ƙasan tsauni, wajen kilomita 50 yamma da Abha, kuma akwai titi daga can zuwa Muhayil. Maimakon a gangara ranar Juma'a a sake hawowa, sai a bar ta zuwa Asabar: a miƙa makulli da safe, a gangara sau ɗaya, a ga ƙauyen, a zarce gida. An rage hawa ɗaya da gangara ɗaya, kuma su ne mafi wahalar da mota.

Gajeriyar hanya ita ce Aƙabar Samma, wadda ke saukowa daga Suda. Tana da tsananin gangara da kwanoni masu kaifi, kuma a nan birki ke mutuwa. Dalilin shi ne direba ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa. Faifan birki ya yi zafi, takalman birki su daina kamawa, man birki kuma ya tafasa. Sabon mai nau'in DOT 4 sai ya kai digiri 230 yake tafasa, amma wanda ya tsufa ya sha danshi yana tafasa a wajen 155, kuma danshin Jidda yana gaggauta hakan. Idan ya tafasa, sai a taka birki a ji ya nutse kamar soso. Maganin yana farawa tun a Jidda: a sa makanike ya duba kaurin takalman birki, a canza mai idan ya haura shekara biyu, a duba ruwan lagireto da tayoyi har da safaya. A kan gangarar kuma a sa giya ta biyu, ko ta ɗaya a inda ya fi tsanani. A mota mai canza giya da kanta a mayar da ita L ko 2 ko a sauke da hannu. Injin zai yi ƙara, wannan ba matsala ba ce, shi ke riƙe motar. A taka birki da ƙarfi na ɗan lokaci a saki, kada a riƙa shafa shi. Idan aka ji ƙauri, a tsaya a wuri mai faɗi, a jira kamar minti ashirin, kada a watsa wa faifan ruwa domin yana iya lanƙwashewa. Idan babu direban da ya taɓa irin wannan gangara, ko an wayi gari da hazo, a bi ta Shi'ar zuwa Muhayil a zagayo. Ta fi nisa, amma ta fi sauƙi ga mota mai lodi.

Ƙauyen kansa ya cancanci awa biyu. Dogayen gidaje ne na dutse masu hawa da yawa, an yi musu ado da farin dutse a kewayen tagogi, kuma mutanen garin da kansu suka mayar da ɗaya daga ciki gidan tarihi a 1985. A ciki za a ga zanen bango da ake kira Al-Ƙaɗɗ, aikin matan Asir, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2017. A tuna an sauko ƙasa, zafi ya dawo, a cire rigar sanyi a ƙara ruwa. Idan an yi ruwa a kan tsauni, kada a ajiye mota ko a shimfiɗa tabarma a cikin busasshen kwari, ambaliya tana zuwa ko da sama a buɗe take a inda kake.

Abincin rana a Muhayil, garin da ya yi suna wajen hanis, naman da ake gasawa a rami a kan rassan wata bishiya mai suna marh. Abinci ne mai nauyi, wanda zai karɓi sitiyari ya ci kaɗan. Idan aka bar Muhayil da ƙarfe biyu, za a ci mafi yawan hanyar Tihama da sauran haske, a shiga Jidda wajen ƙarfe takwas ko tara.

Sallah da kuɗi

Nisan ya wuce na ƙasaru nesa, kuma zaman bai kai kwana huɗu ba, don haka a mazhabar Malikiyya ƙasaru ake yi tun daga fita gari har dawowa, sai idan an bi limamin da ke cikawa. Wanda ya ƙudurta zarcewa Makka ya yi Umra a dawowa, miƙatinsa a wannan hanya Yalamlam ne, sai ya tanadi haraminsa tun daga gida, amma kada ya zama ɗaya daga cikin direbobin.

A naɗa ma'aji ɗaya, kowa ya tura kasonsa kafin a kama masauki, domin wanda bai biya ba shi ne ke janyewa ranar Laraba. Asusun ya ɗauki mai, masauki, abincin da aka ci tare da kuɗin shiga wurare, a ƙara kashi 15 cikin ɗari na ko-ta-kwana. Zuma da tsaraba kowa da aljihunsa. A riƙe tsabar kuɗi kaɗan saboda masu sayarwa a bakin hanya. Sai tarar gudu: kyamarorin Sahir suna kan hanyar gaɓar teku da mashigar garuruwa, kuma tarar tana faɗawa kan mai motar ko wanda ya yi haya, wani lokaci bayan an dawo gida. A rubuta sa'ar da kowane direba ya karɓi mota, a kuma amince tun kafin tashi cewa wanda ke tuƙi a sa'ar da kyamara ta haska shi zai biya.